Kafin ka ɗora iyali a ƙaramin jirgi zuwa Ocracoke, fara da sikeli

Wa'alaikumus salam, Malam. Ka ce bara ka samu lasisin tuƙa jirgin sama, yanzu kana so ka yi hayar Cessna 172 daga Raleigh ka kai uwargida da yara biyu tsibirin Ocracoke da ke gaɓar jihar North Carolina a Amurka ku yi kwana uku a tanti, kana tambaya ko abin zai yiwu. Zai yiwu, mu sau biyu muka je da iyalina. Amma tun kafin ka buɗe taswira, ɗauko sikeli ka ajiye a tsakar falo.

Kujera huɗu ce a jirgin, gaskiya ne, sai dai mutum huɗu da kayan kwana da cikakken tanki ba sa shiga tare sai da lissafi. Samfurin 172S iyakar nauyinsa wajen tashi fam 2,550 ne. Wanda nake haya, in an cire nauyin jirgin kansa, kusan fam 880 ke ragewa na mai da mutane da kaya. Naka ka duba takardarsa, kowane jirgi da nasa. Tanki galan 53 ne, kowane galan fam 6, ka ga 318 sun tafi. Mu huɗu muka hau sikeli, 460. Abin da ya saura wa kaya fam 102 ne kacal.

Daren da muka tara kayan a falo muka auna, 190 suka tashi. Maman yara ta zauna kan tabarma tana ware su ɗaya bayan ɗaya, ni ina rubutawa. Jarkar ruwa ce ta fara fita, don akwai famfo a sansanin da ake kafa tanti. Babbar kula mai ƙanƙara ta koma ƙarama, tukunya biyu suka koma ɗaya, kujerun naɗewa aka bar su gida. Abin da ta ƙi sakin sa shi ne dambun nama da garin kwaki da kayan shayi, kuma ita ce da gaskiya: ba su da nauyi, ba sa lalacewa, su suka riƙe mu. Muka tsaya a 120, wanda dama shi ne iyakar abin da wurin kaya na baya ke ɗauka, na sa mai galan 45. Masu nauyi ka jawo su gaba, ka ɗaure komai da raga.

Rage man nan sai da lura, domin ba a sayar da mai a filin Ocracoke. Daga Raleigh tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce, amma ni ban yarda in dogara da ragowar ba; a komowa filin jirgin garin Manteo nake sauka in ƙara. Filin Ocracoke titi ɗaya ne, ƙafa kusan 3,000, babu fitilu, an hana sauka da tashi da dare. Iska daga teku takan bugo ta gefe, don haka ka ɗauki malaminka ku je can sau ɗaya kafin ranar iyali. Ka kuma duba sararin da sojoji suka keɓe a kan ruwan Pamlico da ya raba tsibirin da babban yanki, ka yi magana da masu kula da sama na sansanin sojin Cherry Point tun kana nesa. Kowa ya sa rigar ceto tun a ƙasa, a sama babu sararin sa wa yaro. Ku tashi da sassafe iska na kwance. Da rana jirgi kan yi ta girgiza, ƙaramarmu ta yi amai a tafiyar farko saboda mun makara.

Sansanin na hukumar gandun daji ne, a bayan tudun yashi, mil biyu da wani abu daga filin. Kada ka ce za ku taka da kaya. Shirya mai ɗaukarku daga ƙauyen tun kana gida, ka kuma kama wuri ta shafin intanet na Recreation.gov da wuri. Babu inuwa, ruwan wanka mai sanyi ne. Ƙananan turakun da ke zuwa da tanti ba sa kama yashi, ka sayi dogaye. Ka tafi da igiyoyin ɗaure jirgi naka. Sauro kuwa, da iska ta kwanta da magariba zai sauko, maganin shafawa dole ne.

Yaran sun ga hasumiyar fitila ta 1823 da dawakan tsibirin, sun ci kifi da jatan lande har sun ture. Ni abin da ya zauna mini a rai sallar asuba ce a kan yashi, mun fuskanci arewa maso gabas, babbanmu a damata, teku na ta ruri. Wanka kuma sai inda mai gadin ruwa yake, ruwan wajen yana jan mutum ciki.

Don Allah kada ka sa komowa a daren da za ka wayi gari ka tafi aiki. A zuwanmu na biyu hadari ya taso ranar tafiya, na tsaya jikin jirgin ina duba rahoton yanayi, zuciya na ce mini ai za mu zagaye shi. Maman yara ta ce mata dai ba ta hawa. Muka koma muka sake kafa tanti a jiƙe, washegari da hantsi muka tashi garau. Ka ware kwana ɗaya na banza, ka gaya wa masu jirgin tun farko. In ta ƙure, akwai jirgin ruwa zuwa garin Swan Quarter da ke babban yanki, iyali su bi shi kai ka tsaya da jirgin saman. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne, Dorian ta cika ƙauyen da ruwa a Satumbar 2019, shi ya sa duka biyun a watan Mayu muka je. Allah ya kai ku lafiya, a gaida uwargida da yara.