Ɓeran Masar ɗina yana numfashi da ƙyar, ko zuciya ce?

Tambaya: Likita, ina da ɓeran Masar namiji, ya shekara 4 a hannuna. Wata biyu ke nan numfashinsa ya sauya, yana wani ƙugi a ƙirji, ya rage cin abinci, barci kuma ya yi masa yawa. Sau biyu ana ba shi maganin ciwon huhu, ya ɗan ji sauƙi, abin ya dawo. An ce mini wataƙila zuciya ce. Ashe wannan ƙaramar dabba ma tana ciwon zuciya?

Amsa: Malama, tana yi ƙwarai, kuma abin da kika faɗa ya isa ya sa a zargi zuciyar. Ɓeran Masar yakan rayu shekara 5 zuwa 7, don haka naki ya fara manyanta, shekarun da ciwon ya fi bayyana ke nan. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne maganin da aka sha sau biyu ciwo na dawowa. Idan zuciya ta gaza harba jini yadda ya kamata, ruwa kan taru a huhu ko a kewayensa, sai dabbar ta riƙa haki kamar mai nimoniya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya janye wannan ruwan, ko sau goma aka ba da shi.

Nau'in da aka fi gani shi ne na naman zuciyar kanta: ko ta buɗe ta yi laushi ta kasa matsawa, ko bangonta ya yi kauri har jini ya rasa wurin shiga. Wani lokaci kuma ruwa ne ke cika jakar da zuciya take ciki ya danne ta.

Kunne kaɗai ba ya gano ciwon. Zuciyar wannan dabba tana bugawa fiye da sau 200 a minti ɗaya, har ta haura 300 idan ya firgita, saboda haka ko ƙwararren likita ya ɗora abin sauraro a ƙirjinsa yana iya jin komai daidai alhali akwai matsala. Ki nemi a ɗauki hoton ƙirji, shi zai nuna ko zuciyar ta yi girma da kuma ko akwai ruwa. Bayan shi sai sikanin na zuciya, wanda yake nuna ta tana bugawa, a auna kaurin bango da ƙarfin matsawa. Wannan ne ke raba gardama, domin maganin zuciyar da ta yi laushi ba lallai ya dace da mai kauri ba. Idan yana haki sosai, a fara sa shi a iskar oksijin ya natsu kafin a kwantar da shi don hoto. Na fi tsoron wannan kwantarwar a kan jinkirin sa'a ɗaya.

Ba a warkar da ciwon, ana dai lallaɓa shi, kuma da yawa sukan koma cin abinci da zagaye keji har tsawon watanni. Furosemid, wanda aka fi sani da Lasix, yana fitar da ruwan ta fitsari. Pimobendan yana ƙara wa zuciya ƙarfin matsawa, enalafiril da danginsa kuma suna sassauta jijiyoyin jini don a rage mata nauyi. Ba don ɓeran Masar aka yi magungunan nan ba, daga karnuka da kyanwoyi aka aro su, shi ya sa likita ke auna su daidai da nauyin dabbar da ba ta wuce kilo ɗaya ba sosai. Don Allah kada ki gutsuro na wani ɗan uwa mai hawan jini ki ba shi. Maganin fitar da ruwa ma idan ya yi yawa yana busar da jiki ya taɓa ƙoda. Haka nan kada ki ba shi penisilin ko amoksisilin, ko da wani ya ce miki na mura ne: suna kashe ƙwayoyin hanjinsa masu amfani, kuma suna iya kashe shi.

A gida, ki auna shi a sikeli duk mako ki rubuta, ki kuma ƙirga numfashinsa yana barci don ki san abin da ya saba. Kada busasshiyar ciyawa ta yanke masa. Jikinsa ba ya haɗa bitamin C da kansa, sai daga ganye da tattasai ko ƙarin da likita ya rubuta. Ki nisanta kejin daga zafi, domin zafi yana galabaitar da mai lafiyar ma. Idan ya daina ci gaba ɗaya, hanjinsa kan tsaya cikin ƙanƙanin lokaci, sai an ba shi abinci mai ruwa da sirinji a hankali.

Ɓeran Masar ta hanci kawai yake numfashi. Duk ranar da kika ga ya buɗe baki yana jan iska, ko dasashinsa ya yi fari fat ko shuɗi-shuɗi, ki ɗauke shi a hankali cikin akwati mai iska, kada ki matse ƙirjinsa, ki kai shi asibitin dabbobi a wannan sa'ar.