Almakashi a hannun 'yar shekara huɗu

Yaya, na ga saƙonki a kan hoton auta, har da salatinki. Wai mu Hausawan Garwa ta ƙasar Kamaru ba mu da tsoro ne, muke damƙa wa 'yar shekara 4 almakashi? Tsoro kam akwai shi. Sai dai a nan makaranta ce ke riga mu. Yaro na shiga makarantar reno, wadda muke kira matarnel, idan an koma a watan Satumba sukan ba uwa takardar kayan da za ta saya, kuma a ciki sau da yawa akwai sizo. Sunan almakashi ke nan da Faransanci, har tsofaffinmu sun ɗauka. Ba irin na tela ba ne, ƙarami ne mai dunƙulallen baki, ko an caka wa tafin hannu ba ya huda.

Ki kuma tuna garin auduga ne, a nan hedikwatar SODECOTON, kamfanin auduga na Kamaru, take, kuma a unguwarmu ba a rasa gidan da keken ɗinki ke ƙara. Yaron da ya tashi yana ganin almakashi a hannun babansa, ɓoye shi a saman sif ba ya raba su. Ranar da ya taka kujera ya ɗauko, ba kowa a ɗakin. Gara ya koya ina zaune.

Ba da almakashin ake farawa ba. Sai auta ta yi kwanaki tana yayyaga tsohuwar takarda da yatsu, hannu ya yi ƙwari. Sannan riƙo: babban yatsa a zobe ɗaya yana kallon sama, manuniya da na tsakiya a ɗayan. Nakan ɗiga mata lalle a farcen babban yatsan, in ce kada ɗigon ya ɓace mata. Takarda mai ɗan kauri ta fi, kamar kwalin shayi, don ta littafi lanƙwashewa take tsakanin bakin, yaro ya yi fushi ya fara fizga. Siriri nake yanka mata, yanka ɗaya ya raba shi. Bayan nan miƙaƙƙen layi. Da'ira sai can gaba, lokacin da ta gane takardar ake juyawa da ɗaya hannun.

Dokokin ba su da yawa: a zaune ake yanka, ba a gudu da shi, in za a miƙa wa wani a rufe bakin a cikin tafin hannu a ba shi mariƙin.

Inda muka saɓa da Inna shi ne kan yayan auta, bahago. Cin abinci da karɓar abu daga babba, dama dole, ban ja ba. Amma yanka na bar masa hagunsa. Akwai almakashin bahago, an juya bakinsa yadda zai ga layin. Da na dama takardar tauna take yi masa.

Kada ki ce ba a yi ɓarna ba. Mantawa na yi ban faɗa mata takarda kaɗai ake yankawa ba. Ranar Juma'a na fito wanka na tarar ta yi wa gidan sauro taga, ta kuma rage jelar kitsonta ɗaya. Gidan sauron an ɗinke. Kitson muna jira.