Famfon ruwan Hilux ɗina yana yoyo, in canza shi da kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohuwar Hilux da nake ɗaukar kaya da ita daga Maraɗi zuwa Dakoro. Ruwa na ɗiga ta gaban inji, kullum da safe sai na ƙara, kuma akwai ƙara a wajen fanka. An ce famfon ruwa ne. Bara ma na canza shi, ga shi ya sake mutuwa, kuɗin gareji kuma sun ishe ni. Ina iya canza shi a gida? Tsorona kada inji ya ƙone mini a daji, don da motar nan nake ci da iyali.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Kana iya yi, amma ba ka faɗi irin injin ba, kuma nan ne maganar take. In na esansi ne irin 22R, famfon yana fili a gaba, aikin safiya guda ne ga mai sifana 10 da 12 da haƙuri. In na gazuwal ne irin 3L ko 5L, sai ka cire fulin ƙasa da murfin bel ɗin taimin kafin ka kai ga dukan kusoshin. Wanda bai taɓa ɗaura taimin ba ya nemi wanda ya iya ya tsaya masa a kai, don haƙori ɗaya ko biyu in ya goce, gyaran da zai biyo baya ya fi kuɗin famfo nesa ba kusa ba.

Kafin ka sayi komai, tabbatar. Inji a sanyaye, ka haska ƙarƙashin wuyan famfon, akwai ɗan rami da aka yi musamman don ya tona asirin sil, wato abin da ke hana ruwa yoyo daga cikin famfon, in ya mutu. In ka ga busasshen sawun ruwa, fari ko ja-ja, ya gangaro daga ramin, to shi ne. Ka kama fulin ka girgiza, in yana lilo boris ya tafi. Amma in kana ganin kumfa na tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa, ko farin hayaƙi a salansa, ko man inji ya koma kalar shayi da madara, gaskit ɗin kan inji ya riga ya ƙone, sabon famfo ba zai yi maka maganin komai ba. Kada ka hau hanyar Dakoro da ita a haka, akwai wuraren da in ta tsaya sai dai ka nemi amalanke.

Aikin kansa ba wuya. Cire wayar batir, ka tsiyaye ruwan ta ƙasan lagireto ka tare shi a roba. Notinan fanka guda huɗu ka sassauta su tun fambel yana ɗaure, in ka riga ka cire shi fuli zai ta juyawa da kai. Kusoshin famfon ba tsawonsu ɗaya ba: ka zana siffar famfon a jikin kwali, kowace ka ciro ka soke ta a gurbinta. Kankare tsohon gaskit tas, a hankali, kada ka yi wa alminiyon zane. Jera sabon famfon da tsohon ka kwatanta ramuka da tsawon wuya tun kafin mai shago ya ce kayan da ya fita ba ya dawowa. Silikon kada ka laɓta, abin da ya matso ciki yankewa yake ya je ya toshe lagireto. Ɗaura kusoshi ka riƙa tsallakawa, wannan sannan na daura da shi, ba da ƙarfin tuwo ba, ƙananan nan tsinkewa suke cikin inji. Fambel kuma in ka danna tsakiyarsa da babban yatsa ya lotsa kamar santimita 1. Wanda aka ja ya yi tsantsan shi ke cin boris ɗin famfo.

To, yanzu abin da ya tsaya mini a tambayarka. Famfo ya mutu cikin shekara guda, kuma ka ce kullum kana ƙara ruwa. Wane ruwa? Na san amsar, don ita nake ji kowace rana: na rijiya, na famfon gida, na leda, wani ma na gulbi in damina ta yi. In ka ce a zuba gilasiyol, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa a jarka, sai a yi maka dariya, wai ruwan kala na ƙasar Turawa ne inda ƙanƙara ke zuba, mu da rana ke kai digiri 43 a watan Afrilu me za mu yi da maganin daskarewa. Masu faɗin haka ba direbobi kaɗai ba ne, har da waɗanda suka rataya sifana suna karɓar kuɗin mutane, kuma su ne ke ba ni haushi, don su suke buɗe injinan nan suna ganin abin da ke ciki da idonsu.

Gaskiya ɗaya suke da ita: tsurar ruwa ya fi gilasiyol saurin ɗaukar zafi. Daga nan sai ɓarna. Jikin injin Hilux ɗinka baƙin ƙarfe ne, famfon alminiyo, lagireton tsofaffin jan ƙarfe da tagulla. Ka haɗa waɗannan da ruwan zafi mai gishiri-gishiri, tsatsa za ta fara aiki ba hutu. Leƙa cikin butar shayin da ta daɗe a kan gawayi ka ga farin dattin da ya manne mata. Shi ne ke mannewa cikin siraran hanyoyin lagireto har su toshe. Ɓarɓashin tsatsar da na wannan datti suna zagayawa da ruwan, su shiga tsakanin fuskokin sil biyu da ke gogar juna, su ci su. Yoyon da kake gani ke nan. Ina ciro famfon da farfelar cikinsa ta cinye, fukafukan sun zama kamar an gwaguye su, fuli na juyawa a waje lafiya lau amma ba ruwan da yake turawa. Mai motar kuma yana rantsuwa jabu aka sayar masa. Akwai jabu a kasuwa, ban musa ba, amma ko na Toyota na asali ka ɗaura a cikin ruwan nan mai kalar kunun kanwa, ba zai yi ƙarko ba.

Abin da ke cikin gilasiyol da ya shafe mu a nan shi ne maganin tsatsar, sai kuma ɗaga matakin tafasa. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100. Rabi da rabi da gilasiyol sai wajen 107. In murfin lagireto mai lamba 0.9 yana riƙe matsi yadda ya kamata, ya haura 120. Wato motar da ke ɗauke da buhunan gero tana nishi cikin yashi da tsakar rana ita ta fi kowa buƙatarsa. Saboda haka murfin da robarsa ta tsage, ko wanda aka ɗaure da tsumma, ka jefar ka sayi sabo ranar da kake canza famfon. Masu fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto don toshe yoyo, da masu wanke shi da Omo su bar kumfar ciki, Allah ya shirya su. Haka masu cire kalosta, 'yar na'urar da ke tare ruwa har sai inji ya ɗumama, su jefar wai ita ke kawo zafi: a digiri 82 ko 88 take buɗewa, inda injin yake son aiki, in ta lalace canza ta ake yi.

In ka makale a daji, zuba ruwan da ka samu ka iso gida, wannan lalura ce. Amma ka jira inji ya huce kafin ka taɓa murfin. Na ga hannaye da fuskokin da suka saɓule, kuma ruwan sanyi a kan inji mai zafi yana iya tsaga shi.

Kafin ka ɗaura sabon famfo, ɗauraye hanyoyin ruwan har abin da ke fitowa ya yi fari. In lagireton ya toshe kai wa masu wanki su buɗe shi. Sayi gilasiyol a jarka mai hatimi, ka karanta jikinta: wani an riga an haɗa, zuba shi ake kai tsaye, wani sai ka raba shi daidai da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ɗin ba. Na cikin gorar roba marar suna da ake jerawa a bakin tasha, kala kawai kake gani, ba ka san abin da ke ciki ba. Bayan ka cika, bar murfin a buɗe, tada inji yana silo har tiyon sama ya yi zafi, ruwan ya faɗa, kumfar iska ta gama fita, ka ƙara, ka rufe. Washegari da sassafe ka sake dubawa kafin ka yi lodi.

Gilasiyol guba ne kuma yana da zaƙi, yana kashe ƙoda. Ragowar kada ka juye shi a gorar lemo, kada ka bar shi a roba a tsakar gida inda yara da awaki ke kai da kawowa.