Tambaya da Amsa: Kwafi daga intanet da rubutun memuwar

Saƙonnin da suka shigo a wannan karon kusan duk na ɗalibai ne, da na Jami'ar André Salifou da na sauran manyan makarantun Damagaram, kuma bakinsu ɗaya: satar rubutu. Ga waɗanda na zaɓa.

Tambaya: Malam, ina shekarar ƙarshe ta lisans. Malamin da ke duba memuwar ɗina (kundin kammala karatu) ya maido mini babi na biyu, ya ce kusan rabinsa kwafi ne. Ni dai a waya na tattara bayanai, ban nufi sata ba. Yaya aka yi ya gane, kuma wace manhaja za ta rage mini kason kwafin? (Ɗalibi daga Garin Malam)

Amsa: Ƙanena, mai yiwuwa ma ba ya buƙatar manhaja kafin ya gane. Wanda ya karanta gabatarwarka ya san Faransancinka, sai kuma a shafi na gaba ya ci karo da jimloli irin na farfesa. Ya ɗauki jimla ɗaya, ya sa ta tsakanin alamun zance a Google, ta kai shi inda ka ɗauko. Sau da yawa rubutun kansa ke tona asiri: haruffa sun sauya salo a tsakiyar sakin layi, wata kalma ta fito shuɗiya da layi a ƙasanta, ko wata 'yar lamba cikin baka irin ta Wikipedia ta maƙale a ƙarshen jimla.

Manhajoji irin su Compilatio ta Faransa da Turnitin ta Amurka suna gwama aikinka da shafukan intanet, da mujallun ilimi, da ayyukan ɗaliban da aka taɓa lodawa, su ba da kason kamanceceniya. Kamanceceniya kawai suke aunawa, hukunci na malami ne. Maganar da ka ɗauko ka sa cikin alamun zance, ka faɗi mai ita, tana iya shiga lissafin, kuma ba laifi ba ce. Wani kuma kasonsa ƙarami ne, amma ra'ayin da ya gina aikin a kai kacokan na wani ne, bai ambace shi ba. Wannan ya fi ka laifi.

Manhajar rage kaso kuwa, ba zan ba ka sunanta ba. Aikinta musanya kalmomi da masu kama da su, ta bar maka Faransanci mai tuntuɓe, satar kuma tana nan daram.

Inda matsalarka ta faro shi ne wurin tattarawa. Ka ɗauki hoton allo, an turo maka PDF a WhatsApp ba bango ba sunan marubuci, ka kwafa ka zuba a manhajar rubutu ta WPS, bayan wata biyu kai kanka ba ka san naka da na wani ba. Daga yau, duk abin da ka kwafa, nan take ka rubuta abu huɗu a ƙarƙashinsa: marubuci, shekara, sunan aikin, lambar shafi ko adireshin intanet. Ka sauya wa rubutun launi, ja misali, don ka san aro ne. In za ka faɗi ra'ayin da bakinka, karanta, rufe wayar, rubuta abin da ka fahimta, sannan ka ambaci mai shi duk da haka. Mu da muka tashi muna jin malaman zaure na cewa wane ya ruwaito daga wane, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Don jera sunayen, a Google Scholar akwai alamar zance ƙarƙashin kowane sakamako, ka taɓa ta ba ka bayanin a shirye. Mai kwamfuta ya sauke Zotero, kyauta ce, tana shiga cikin Word. Mai waya kaɗai ya buɗe ZoteroBib a burauza.

Tambaya: In na fassara daga Ingilishi zuwa Faransanci da Google Traduction, ai ya zama nawa ko? (Ɗaliba daga Birni)

Amsa: A'a, ƙanwata. Harshe kika sauya, tunanin na mai shi ne. Ki ambace shi, ki nuna cewa fassara ce.

Tambaya: Wani abokina ya samu tsohon memuwar a kile (USB) daga wani siber (shagon intanet), zai sauya suna da garin da aka yi binciken. Ya ce ba a intanet yake ba, ba mai ganewa. Gaskiya ne? (Daga Sabon Gari)

Amsa: Ka gaya wa abokin naka ya buɗe fayil ɗin a Word, ya danna Fichier, sannan Informations. Galibi zai tarar da sunan wanda ya fara ƙirƙirar fayil ɗin da ranar da aka yi shi. Ana iya goge wannan, amma wa ya ce shi kaɗai aka zuba wa a kile? Ga kuma ranar sutnans, wato ranar kare memuwar gaban malamai, inda malami zai tambaye shi mutum nawa ya zanta da su a Mirriya, alhali alƙaluman na wani gari ne.

Kuma abin ba ya ruɓewa. Annette Schavan ta rubuta kundin digirinta na dakta a 1980. A 2013 Jami'ar Düsseldorf ta karɓe digirin, ta sauka daga kujerar ministar ilimi ta Jamus. Kafin ita, ministan tsaron ƙasar, Karl-Theodor zu Guttenberg, ya yi murabus a 2011 kan irin wannan, shugaban Hungary Pál Schmitt ma a 2012.

Tambaya: ChatGPT fa? Ai ba rubutun kowa ba ne.

Amsa: Ba naka ba ne kuma, nan gizo ke saƙar. Ka fara tambayar malaminka abin da makarantarku ta yarda da shi. Haɗarin da na fi gani shi ne yana iya ƙaga sunan littafi da marubuci da shekara, su yi kyau a ido, alhali babu su. Duk wanda ya ba ka, ka neme shi a Google Scholar kafin ka sa.

Su ma malamai su yi hattara da manhajojin da ke cewa suna gane rubutun na'ura. OpenAI, kamfanin da ya yi ChatGPT, da kansa ya janye nasa a Yulin 2023 saboda yawan kuskure. Ɗalibin da ke tsoron a zarge shi kan aikin guminsa ya riƙa rubutu a Google Docs, inda tarihin gyare-gyare ke ajiye kowane mataki da ranarsa. In mega ta yi tsada, ya riƙa adana kwafi a Word duk mako, da kwanan wata a jikin sunan fayil ɗin, ya kuma tura wa kansa ta imel.