Tambaya da Amsa: Daga Ina Alƙaluman Cutar Kanjamau Suke Fitowa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce a Tudun Wada, Gombe. Na ji a rediyo cewa masu ɗauke da ƙwayar cutar kanjamau a Nijeriya kashi 1.4 cikin 100 ne, alhali a da ana cewa sun kusa kashi 6. Ba a taɓa zuwa gidanmu ɗibar jini ba. Yaya aka yi lissafin, kuma shin cutar ta ragu haka da gaske?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ba a gwada kowa da kowa. Wani rukuni ake zaɓa a gwada, sannan a ƙiyasta sauran jama'a da shi, don haka ingancin lissafin yana rataye ne a kan su wane ne aka zaɓa.

Tun daga 1991 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta riƙa gwada jinin mata masu juna biyu da ke zuwa awon ciki a wasu zaɓaɓɓun asibitoci. Ta nan aka samu kashi 1.8 a 1991, adadin ya hau zuwa 5.8 a 2001, ya sauko zuwa 4.1 a 2010. Hanyar ta yi amfani wajen nuna hawa da sauka, amma babu maza a cikinta, babu waɗanda suka wuce shekarun haihuwa, kuma macen da ke can ƙauyen Dukku ko Nafada, wadda za ta haihu a ɗakinta ba tare da ta taɓa zuwa awo ba, ba ta shiga lissafin.

A 2018 aka gudanar da wani binciken ƙasa baki ɗaya kan cutar kanjamau mai suna NAIIS, inda ma'aikata suka bi gidajen da aka zaɓo a jihohi 36 da Abuja suka gwada jama'a, maza da mata. A watan Maris na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakon: kashi 1.4 na masu shekara 15 zuwa 49, kuma kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar, maimakon sama da miliyan 3 da ake zato. Arewa maso Gabas ta tashi da kashi 1.1, sannan a ƙasa baki ɗaya mata sun ninka maza.

Saboda haka, Malama, bai dace a jera 5.8 da 1.4 a ce bambancin duka raguwa ce ba, domin mudun da aka auna su da shi ba ɗaya ba ne. An samu ci gaba, amma wani kaso na faɗuwar gyaran ƙiyasi ne. Tsakanin bincike da bincike kuwa, hukumar yaƙi da cutar kanjamau ta ƙasa (NACA) da ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNAIDS) suna haɗa bayanan awon ciki, yawan masu karɓar magani da yawan al'umma a wata manhajar kwamfuta domin sabunta ƙiyasin.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne, yawan masu ɗauke da ƙwayar daban yake da yawan sababbin kamuwa. Idan magani ya tsawaita ran mutane, adadin masu rayuwa da cutar yana iya tsayawa ko ya ƙaru, kuma wannan alheri ne. Adadin da ya fi tayar mini da hankali a binciken 2018 shi ne na waɗanda magani ya danne ƙwayar a jininsu, domin a lokacin ba su kai rabin masu ɗauke da ita ba.