Zane mai motsi a bidiyon lissafi: koyarwa ko ado?

Mai tambaya yana son sanin ko zanen da ke motsi a bidiyon lissafi yana koyarwa da gaske, ko ado ne kawai.

Ya danganta da abin da aka motsa. Amfaninsa yana inda wani abu ke canzawa. Misali girman filin da'ira: a yanka ta gida 8, a jera yankunan ɗaya sama ɗaya ƙasa, sannan a maimaita da gida 16, da 32. Ɗalibi zai ga gefen yana miƙewa har siffar ta kusa zama mai kusurwa huɗu, tsawonta πr, faɗinta r (r shi ne nisa daga tsakiyar da'irar zuwa bakinta). Daga nan πr² ya fito fili. Haka zanen y = kx²: idan k ya tashi daga 1 zuwa 3 lanƙwasar tana tsukewa, idan ya koma −1 sai ta kife.

Inda ake samun matsala shi ne sauri. Abin da ya wuce a allo ya tafi, ɗalibi kuwa bai gama riƙe shi ba. Don haka a motsa abu ɗaya tak a lokaci guda, a dakata kamar daƙiƙa 4 bayan kowane mataki, kuma launin r a zane ya zama launinsa a cikin lissafin. Kiɗa da walƙiya raba hankali kawai suke yi.

Mai kallo kuma, ganin abu yana tafiya sumul kan sa ka ɗauka ka gane. Tsayar da bidiyon, ka hasko mataki na gaba a takarda, sannan ka buɗe manhajar zana lissafi kamar Desmos ko GeoGebra ka canza k da hannunka.