Amsa: neman asalin kakan da ya bar Ireland zuwa Amurka

'Yar'uwa, kin ce kakan-kakan mijinki ya bar Ireland lokacin babbar yunwar 1845 zuwa 1852, ba ku da komai sai sunansa. Shawarata, kada ku fara da Ireland tukuna. Ku fara daga Amurka: takardar mutuwarsa, ta aurensa, ta zama ɗan ƙasa, har rubutun kan kabarinsa. Abin da kuke farauta shi ne sunan ƙauyensu ko cocin yankinsu, domin masu suna Murphy ko Kelly ba sa ƙirguwa. Kada ku ɓata lokaci a kundin Ellis Island, tashar karɓar baƙi masu shiga Amurka a New York, domin sai 1892 aka buɗe ta.

Abin baƙin cikin shi ne, gobarar 1922 a ma'ajiyar takardun gwamnati ta Dublin ta cinye kusan duk takardun ƙidayar jama'a ta 1821 zuwa 1851. Rajistar haihuwa ta gwamnati kuwa sai 1864 ta fara, bayan tafiyarsa ke nan. Amma kada ki karaya. Littattafan baftisma da aure na cocin Katolika suna nan kyauta a shafin Laburaren Ƙasa na Ireland, da rubutun hannun limaman cocin, wasu da Latin, inda za ki ga Patrick ya koma Patricius. Ki lura da sunayen shaidun baftisma, sau da yawa dangi ne ko maƙwabta. Sai kundin Griffith na 1847 zuwa 1864, mai sunayen masu riƙe da gidaje da gonaki. Ƙidayar 1901 da 1911 kuma ta tsira, za ta nuna muku dangin da suka rage a ƙauyen.